Idan na ja baya daga ƙawata, na zama marar tausayi ke nan?

"Assalamu alaikum Malama. Ina da ƙawa tun muna firamare, yau shekara 22 ke nan. Shekara uku da suka wuce zuwa yanzu kullum tana cikin matsala: yau rikici da miji, gobe bashi, jibi faɗa da dangin miji. Nakan saurare ta a waya har tsakar dare. Na ranta mata kuɗi sau biyar, sau ɗaya ta biya. Da aka yi mini ƙarin girma a wurin aiki ko barka ba ta yi mini ba, daga baya kuma na tsinci wata magana da na faɗa mata a asirce a bakin wasu. Ina zuwa ajin yoga saboda ciwon baya, kuma mai koyar da mu kullum cewa take mu buɗe zuciya, mu tausaya wa kowa, kada mu yanke wa kowa hukunci. Ni kuwa wallahi na gaji. Idan na ja baya, na zama marar tausayi ke nan? Me falsafar yoga ta ce a kan irin wannan?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙin bayan, ya sanya albarka a ƙarin girman da kika samu. Tunda ba a yi miki barka a inda kika sa rai ba, ga tawa: barka da arziki.

Idan na fahimce ki da kyau, abu biyu kike tambaya a dunƙule. Na farko, ko tausayi yana nufin mutum ya bar ƙofarsa da kunnensa da aljihunsa a buɗe ga kowa, dare da rana. Na biyu ba ki furta shi ba amma yana kwance a ƙarƙashin maganar, wato ko gajiyar nan da kike ji laifi ce. Duka biyun amsata a'a ce, kuma ba daga kaina na ɗauko ta ba. Littafin da masu yoga ke ɗauka a matsayin tushen falsafarsu bai ce a yi wa kowa abu iri ɗaya ba. Abin da mai koyar da ku ke faɗa rabin karatun ne, kuma rabin da ta bari shi kike buƙata yanzu.

Littafin shi ne Yoga Sutra, wanda ake jingina wa Patanjali. An rubuta shi da harshen Sanskirit a ƙasar Indiya, kuma masu bincike da dama suna sa shi wajen shekara ta 400 miladiyya. Gajerun jimloli ne 195, a wasu bugun 196, cikin babi huɗu, kowace jimla a matse kamar matanin da ɗalibi ke haddacewa kafin malam ya warware masa. Shi ya sa ba a karanta shi sai da sharhi, kuma sharhi mafi tsufa shi ne wanda ake jingina wa Vyasa. Miƙe-miƙen jikin da kike yi saboda baya kusan babu su a ciki, jimla uku ce kacal ta yi bayanin yadda ake zama. Galibin sauran magana ce a kan zuciya da kai-komonta. Abu Raihan Albiruni ya fassara littafin zuwa Larabci a farkon ƙarni na 11, saboda haka ba yau masanan Musulmi suka fara leƙa shi ba. Ni ma da irin wannan idon nake karanta shi tun shekarun da na yi karatu a Indiya. Ina ɗaukar abin da ya lura da shi game da halayyar zuciya, abin da ya shafi aƙida kuwa ina da addinina, kuma wannan fagen malamai ne.

Hali huɗu, amsa huɗu

Jimla ta 33 a babi na farko ita ce ta shafe ki kai tsaye. Ma'anarta a taƙaice ita ce zuciya tana washewa idan mutum ya reni abu huɗu a cikinta. Ga wanda ke cikin jin daɗi, maitri, wato ƙauna irin ta aboki da fatan alheri. Ga wanda ke cikin wahala, karuna, wato tausayi. Ga mai aikin kirki, mudita, wato farin ciki da shi da taya shi murna. Ga mai aikin assha kuma upeksha, wanda zan kira kau da kai.

Ki lura, tausayi ɗaya ne daga cikin huɗu, kuma an faɗi inda ake kai shi. Da marubucin yana son a tausaya wa kowa a kowane hali da kalma ɗaya ta ishe shi, domin mutum ne mai tsananin tsimin kalmomi. Ya kawo huɗu ne saboda yana son mai karatu ya fara duba abin da ke gabansa kafin ya mayar da martani.

Kuskuren da na fi gani wajen ɗalibai shi ne su ɗauki huɗun nan kamar akwatuna huɗu da ake zuba mutane a ciki: wance mutuniyar kirki ce, wance kuwa 'yar kau da kai ce. Ni fahimtata ita ce yanayi ake nufi, kuma mutum ɗaya yana iya ratsa duka huɗun tsakanin safe da yamma. Ƙawarki da take kuka a kan aurenta tana cikin wahala ta gaske, wannan hakkinsa tausayi. Ita ɗin dai da ta ɗauki asirinki ta kai waje ta yi aikin assha, wannan kuma hakkinsa daban. Abin da ya gajiyar da ke shi ne shekara uku kina amsa komai da amsa ɗaya. Kuka tausayi, bashi tausayi, cin amana ma tausayi.

Sai kuma dalilin da ya sa aka kawo jimlar. Jimlolin da suka gabace ta lissafin cikas ne da ke hana zuciya natsuwa, irin su cuta da shakka da kasala, tare da alamominsu: baƙin ciki, karayar zuciya, rawar jiki, da numfashi marar daidaito. Daga nan ne aka shiga kawo magunguna, kuma huɗun nan suna cikinsu. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen sakamakon tana ɗauke da ma'anar ruwa mai laka da aka bari ya kwanta har ya yi garau. Wani mai sharhi na baya, Vachaspati Mishra, ya bayyana cewa kowanne daga cikin huɗun akwai dauɗar da yake wankewa: fatan alheri yana wanke ƙyashi, tausayi yana wanke son cutarwa, taya murna yana wanke hassada, kau da kai kuma yana wanke fushi. Ke nan akwai ma'auni a hannunki. Idan abin da kike kira tausayi yana barin ki da ƙunci a ƙirji da rashin barci, har gabanki yana faɗuwa duk lokacin da sunanta ya fito a waya, to ruwan bai kwanta ba, ƙara gurɓacewa yake. Akwai wani abu da ya shiga rigar tausayi.

Kau da kai ba gaba ba ce

Upeksha ita ce kalmar da ta fi wahalar fassara, kuma an fi zaluntarta. Wasu na ɗaukarta ko-oho, wasu na ɗaukarta yanke hulɗa. Asalinta daga kalmar kallo take. Mutum ya ga abu sarai, bai ruɗi kansa cewa bai faru ba, amma bai ɗauko shi ya dasa a ƙirjinsa ba. Mai gaba kullum yana tare da abokin gabarsa, da shi yake kwana da shi yake tashi, yana ta maimaita shari'ar a ransa. Mai kau da kai ya ga laifin, ya ɗauki darasinsa, ya gyara abin da ke hannunsa, sannan ya saki sauran. Za ki iya gaishe da ƙawarki, ki je sunan ɗanta, ki duba ta idan ba ta da lafiya, alhali kin daina ba ta asirinki har abada. Babu cin karo tsakanin waɗannan.

Akwai wani bayani na Vyasa a babi na uku da nake yawan komawa gare shi. A wurin da aka ce zurfafa tunani a kan fatan alheri da 'yan'uwansa yana haifar da ƙarfi, sai ya ce uku ne ake renon su haka, fatan alheri da tausayi da taya murna, ya cire kau da kai daga lissafin. Abin da na fahimta shi ne ba a son mutum ya zauna yana kiwon kau da kai kamar wata baiwa da zai yi alfahari da ita. Sauke kaya ne kawai. Wanda ya mayar da ja da baya sana'a, kowa ya yi masa kuskure kaɗan ya share shi, shi ma ya ɓata karatun ta ɗaya gefen.

Mabiya Buddha, maƙwabtan wannan falsafa, suna da huɗun nan da kusan sunaye iri ɗaya. Wani malaminsu na ƙarni na 5, Buddhaghosa, ya ce kowanne yana da maƙiyi na nesa da maƙiyi na kusa. Na nesa kowa na gane shi, misali maƙiyin tausayi na nesa mugunta ce. Na kusa shi ne mai haɗari domin kama yake da abin. Maƙiyin tausayi na kusa shi ne baƙin ciki, wato ka faɗa cikin damuwar mutum har kai ma ka nutse. Na kau da kai kuma shi ne halin ko-in-kula na jahilci. Ina ganin ke a na farkon kika faɗa. Wanda ya yi tsalle cikin rijiya don tausayin wanda ya faɗa, yanzu mutum biyu ake neman igiyar ciro su.

Tantancewa daga kanki take farawa

Kalmar da ake yawan kawowa a nan ita ce viveka, rarrabewa ko tantancewa. Gaskiyar magana, a wurin Patanjali ma'anarta ta fi zaɓen abokai nisa. A babi na biyu, jimla ta 26, yana nufin rarrabe mai gani daga abin da ake gani, wato sanin da ke cikin mutum daga tunani da ji da ke wucewa ta gabansa. Kawo ta cikin maganar abota faɗaɗawa ce da malaman baya-bayan nan suka yi. Amma aikin iri ɗaya ne, raba abu biyu da suka yi kama har aka ɗauka ɗaya ne, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa.

A farkon wannan babin an lissafa abu biyar da ke azabtar da zuciya: rashin sani, jin kai na "ni ce", maƙalewa ga abin da aka ji daɗinsa, ƙin abin da aka ji zafinsa, da tsoron gushewa. Ki ɗauki waɗannan ki auna da su dalilin da ya sa kike ɗaga wayar ƙarfe goma sha biyun dare. Nawa ne a ciki tausayi? Nawa ne maƙalewa ga yarinyar da kuka yi wasan 'yar carafke tare, wadda wataƙila ba ita ce ke kiran ki yanzu ba? Nawa ne gudun zafin cewa a'a? Mu a wurinmu akwai ƙarin abu biyu masu nauyi, kunya da kara, ga kuma tsoron a ce ta samu matsayi ta manta da ƙawar ƙuruciya. Kara hali ne mai kyau, ina girmama shi. Amma kara daban, tausayi daban, kuma kuɗin da aka bayar don kunya zuciya takan bi shi da ƙorafi.

Wanda ya fi ɓoyewa shi ne na biyu, jin "ni ce". Zan ba ki labarina. Lokacin da nake karatu akwai wata da muke ɗaki ɗaya, kullum cikin rikici, ni ce mai biya mata, ni ce mai ba da haƙuri a madadinta, ni ce mai lallashi. Na kai kukana wurin wata dattijuwa da ke koya mana karatun jimlolin nan, ina jiran ta yaba haƙurina. Sai ta tambaye ni abu ɗaya: ranar da yarinyar ta warware matsalarta ba tare da ta neme ki ba, daɗi kike ji ko wani abu ne ke sukar ki? Na kasa amsawa nan take, domin na san amsar. Akwai wani sashe na zuciyata da yake son a riƙa buƙatarsa. Na yi kwanaki abin yana damuna. Daga baya na gane cewa muddin ina cin wannan ribar, ba zan taɓa barin ta ta tsaya da ƙafarta ba. Ban ce haka ne a wurinki ba, 'yar'uwa. Na ce ki yi wa kanki tambayar ke kaɗai, kuma kada ki yi saurin amsawa.

Hanyoyin da ke gabanki

Kina iya ci gaba yadda ake. Ƙarshen wannan sananne ne: wata rana ƙaramin abu zai sa ki fashe, ki faɗi maganar shekara uku cikin minti biyar, abotar ta mutu mummunar mutuwa. Kina iya yanke hulɗa gaba ɗaya, kuma akwai inda wannan ya dace, idan mutum yana cutar da kai da gangan yana maimaitawa. Wani littafin yoga na ƙarni na 15, Hatha Yoga Pradipika, ya sa yawan cuɗanya da mutane da yawan surutu cikin abubuwa shida da ke lalata aikin mai yoga, mu ma mun san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sai dai wancan littafin da masu keɓewa a bukka yake magana, ke kuwa cikin jama'a kike, kuma abin da kika ba ni labari bai kai a binne shekara 22 ba tukuna.

Abin da nake ba ki shawara shi ne na uku, ki sake tsarin zaman. Fatan alheri da addu'a ki bar su yadda suke, waɗannan ba sa ƙarewa. Kuɗi da lokaci da asiri kuwa abubuwa ne masu iyaka, kowanne ki yi masa nasa hukunci.

A kan kuɗi, Bhagavad Gita, wani tsohon littafin addinin Hindu, a babi na 17 ya kasa kyauta gida uku. Mafi tsarki ita ce wadda aka bayar a wurin da ya dace, a lokacin da ya dace, ga wanda ya dace, ba tare da jiran sakayya ba. Ta tsakiya ita ce wadda aka bayar ana jiran a rama, ko aka bayar rai bai so ba. Ta ƙasa ita ce wadda aka bayar ba a lokacinta ba, ba a wurinta ba, ko da wulaƙanci. Rance biyar ɗin nan ki duba gidan da suka faɗa. Ni abin da nake yi, kuma nake gaya wa ɗalibaina, shi ne wanda ya kasa biya sau biyu na daina ba shi rance. Idan ina da abin da zan iya bayarwa in manta, sai in ba shi kyauta in faɗa masa kyauta ce, ko da rubu'in abin da ya nema ne. Idan babu, in ce babu. Bashin baya kuma ki zaɓi ɗaya, ko ki yafe har zuci ko ki nema a fili da lokacin biya. Barin sa a rataye shi ke ruɓar da zumunci.

A kan lokaci, ki mayar da hirar rana. Ki ce mata, "Ƙawata, dare ya yi kuma gobe ina da aiki, zan kira ki bayan la'asar," sannan ki kira ɗin, domin cika wannan alkawarin shi ke nuna ba gudun ta kike ba. Idan labarin ya koma inda ya saba zagayawa, ki tambaye ta me take ganin za ta yi, kuma wa ya kamata ya shiga maganar cikin manya. Sauraren da ke rage mata zafi daidai yadda za ta iya komawa cikin halin ba tare da an gyara komai ba, shekara uku yana yi, kin ga inda ya kai ku.

Kafin ki ɗaga wayarta ki gwada abin da ke cikin jimlar da ke bin ta 33 kai tsaye, wadda ta ce ana samun natsuwa ta hanyar fitar da numfashi da ɗan dakatawa. Ki fitar da numfashi a hankali har ya ƙare, ki ɗan tsaya, ki yi haka sau uku ko huɗu, sannan ki tambayi kanki wane hali ne ke gabanki yau cikin huɗun nan. Ƙaramin abu ne, amma na ga ya hana mutane da yawa cewa to alhali a'a ce a ransu.

Maganar barka kuwa ina roƙon ki ki sassauta mata. Cikin huɗun nan taya murna ce ta fi wuya, har ga wanda ke zaune lafiya, balle wadda gidanta ke ci da wuta. Shirunta ya yi miki ciwo kuma kina da gaskiya, amma ya fi kama da alamar halin da take ciki fiye da ƙiyayya.

Inda maganata ta tsaya

Bakinki kaɗai na ji, ban ji nata ba. Falsafar nan kuma gyaran zuciyar mai karanta ta take yi, ba ta gyara auren wata ko biyan bashinta. Idan rikicin gidan nata ya kai ga duka, ko kika ji tana maganar gajiya da rayuwa, ko ta daina ci da barci, to wannan ya wuce a ja baya ko a matso. Iyayenta ko waliyyanta su sani, kuma a kai ta ga likita. A irin wannan halin tausayin shi ne ki kira waɗanda suka fi ki iko a kan lamarin, ko da za ta ji haushinki.

Saura asirin, kuma da shi nake so ki fara. Cikin ƙa'idoji biyar na mu'amala da Patanjali ya jera, rashin cutarwa ne na farko, gaskiya ta biyu, kuma Vyasa ya ce maganar da aka faɗa don a cutar ba ta cika gaskiya ba ko da daidai take. Saboda haka kada ki aika saƙo, kada kuma ki bi ta bakin wata. Ki je gidanta da rana, lokacin da ba a cikin rikici, ki ce mata, "Akwai maganar da na faɗa miki mu biyu, na ji ta a waje, abin ya yi mini zafi. Ina so in ji daga bakinki yadda aka yi." Daga nan ki yi shiru ki saurara. Mai yiwuwa ta ba da haƙuri, mai yiwuwa ta musanta, mai yiwuwa kuma ki tarar maganar ta wata hanya ta fita. Sauran matakan, na kuɗi da na waya, ki jinkirta su har sai kin ji abin da ta ce.